Agogon da ya je duniyar wata: aiki ya yi ko ado?

Mai_Son_Agogo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai masana. Duk wani babban kamfanin da ke ƙera kuronogiraf, wato agogon nan mai maɓalli biyu a gefe da ƙananan da'irori a fuska, wanda ake tayarwa a tsayar don auna gajeren lokaci, za ka tarar yana da labarin bajintar da yake tinƙaho da shi. Omega na cewa nasa ya je duniyar wata. Zenith na cewa da nasa aka diro daga ƙololuwar sama. Rolex da TAG Heuer kuma ba su da zance sai tseren motoci. To shin agogon ya yi wani aiki a wuraren nan, ko ɗaura shi kawai aka yi a hannun jarumi aka ɗauki hoto? Ni dai a ganina talla ce tsagwaronta, amma mai hujja ya kawo.

Injiniya_B:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi musu kuɗin goro. Na Omega dai ba talla ce ta kai shi ba. A 1964 hukumar NASA ta nemi kamfanoni su kawo kuronogiraf na hannu don 'yan sama jannatinta. Uku aka gwada: Omega, Rolex da Longines-Wittnauer. Kamfanin Hamilton agogon aljihu ya aiko, don haka bai ma shiga gwajin ba. Injiniya James Ragan ne ya jagoranci aikin, kuma ba su ji tausayin agogunan ba: zafin da ya kai digiri 93, sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, raɓa, ɗakin da aka zuƙe iskarsa, jijjiga, bugu, ƙara mai tsanani. Speedmaster na Omega ne kaɗai ya fito da ransa, aka amince da shi ranar 1 ga Maris 1965. Bayan wata uku Ed White ya fita daga kumbon Gemini 4 yana shawagi da shi ɗaure a kan rigarsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, ba don sararin samaniya aka yi shi ba. Tun 1957 yake kasuwa, don masu tseren mota aka tsara shi. Ɗan sama jannati Wally Schirra ma nasa na kansa ya ɗaura ya tafi da shi a 1962, tun kafin a yi zancen gwaji.

Dan_Gaskiya77:
To ya tsira a gwaji, mun ji. Amma wane aiki ya yi? Kumbo cike yake da na'urori, ba agogon hannu ne ya kai su wata ba.

Injiniya_B:
@Dan_Gaskiya77 ka karanta abin da ya faru da Apollo 13 a Afrilun 1970. Tankin iskar shaƙa ya fashe suna kan hanya, dole suka kashe kusan komai don tattalin wuta, har da kwamfutar da ke yi musu jagora. Kumbon ya ɗan kauce daga hanyar da zai shigo duniya lafiya, ana bukatar a kunna inji na sakan 14 daidai. Jim Lovell na kallon duniya ta taga yana saita kumbon da hannu, Fred Haise na riƙe da ɗaya ɓangaren, Jack Swigert kuma ya zuba wa agogon hannu ido yana ƙirga lokaci. Sun sauko lafiya ranar 17 ga Afrilu. A wannan shekarar aka bai wa Omega lambar yabon Snoopy da 'yan sama jannati ke bai wa waɗanda suka taimaki aikinsu. Idan wannan ba aiki ba ne, ban san me ake kira aiki ba.

Dan_Gaskiya77:
Sakan 14 kowane agogo mai hannun sakan zai ƙirga. Ban ce bai yi amfani ba, cewa nake yi ba shi ne gwarzon labarin ba. Gwarazan su ne mutanen uku da injiniyoyin da suka kwana ba barci a Houston.

Baban_Walid:
Duk ku biyun kuna da gaskiya. Kowane agogo zai ƙirga sakan 14 a kan tebur. Tambayar ita ce wanne ne zai kasance yana tafiya bayan girgizar tashin roka da kwanaki cikin sanyi, babu mai gyara, babu na canji. Kayan ko-ta-kwana haka yake, ba a ganin darajarsa sai babban ya mutu. A Apollo 11 ma abin da ya faru ke nan: na'urar ƙirga lokaci ta cikin kumbon sauka ta samu matsala, sai Neil Armstrong ya bar nasa agogon a ciki a madadinta. Shi ya sa na Buzz Aldrin ne ya fara taka doron wata, ba na Armstrong ba.

Sabon_Shiga:
Ina agogon Aldrin ɗin yake yanzu? Wane gidan tarihi?

Baban_Walid:
Ya ɓata a hanya lokacin da aka aika shi gidan tarihi na Smithsonian a farkon shekarun 1970. Har yau ba a gan shi ba.

Tarihi_Madubi:
Ni ina bayan Mai_Son_Agogo, kuma zan kai ku baya ku ga inda salon ya samo asali. A Oktoban 1927 wata Baturiyar Ingila, Mercedes Gleitze, ta ƙetare ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila da iyo. Da aka fara shakkar lamarin sai ta ce za ta sake. Hans Wilsdorf mai Rolex ya ba ta agogon Oyster, ta rataya a wuya. Ta yi sama da awa goma cikin ruwa mai tsananin sanyi, ba ta iya kammalawa ba aka ciro ta. Agogon bai sha ruwa ba. Wata na zagayowa Rolex ya sayi shafin farko na jaridar Daily Mail ya tallata. Ita ba ta duba lokaci da shi ba, bai taimaka mata da komai ba, fasinja ne kawai.

Na tsaunin Everest a 1953 ma akwai magana. Rolex ya ba tawagar agoguna, haka ne, amma kamfanin Smiths na Ingila shi ma ya bayar, kuma Edmund Hillary da kansa ya ce ya kai Smiths ƙololuwa. Yau wa ke tuna Smiths? Wanda ya iya ba da labari shi ya ci riba.

Injiniya_B:
Malam Tarihi, waɗannan biyun ai ba kuronogiraf ba ne, agogon duba lokaci ne kawai. Mu tsaya kan batunmu.

Tarihi_Madubi:
To ga kuronogiraf. Carrera na kamfanin Heuer, wato TAG Heuer na yau, ya fito a 1963. Sunan daga tseren Carrera Panamericana na ƙasar Meziko aka ɗauko, tseren da aka yi daga 1950 zuwa 1954 aka daina saboda yawan rayukan da yake ci. Shekara tara ke nan tsakanin tsere na ƙarshe da fitowar agogon. Bai taɓa shiga tseren ba, suna kawai Jack Heuer mai kamfanin ya ji ya yi masa daɗi.

Dan_Tsere:
Wannan gaskiya ne, sai dai ka bar rabin labarin. Heuer ya daɗe cikin tsere kafin Carrera. Agogunan da ake kafewa a gaban motocin rali nasu ne, haka agogunan hannu na tsayarwa da ake riƙewa a bakin fili. A wancan zamani babu na'urar da ke aiko lokaci kai tsaye. Mutum ne zai zauna a gefen titi da allo mai agogo uku a jere, sau da yawa ma matan direbobin ne ke wannan aiki, mota na wucewa a danna, a rubuta, a ɗaga wa direba allo ya ga ko ya ƙara wuta ko ya sassauta. Daga 1971 Heuer ne ke auna wa Ferrari lokaci, har ƙarshen shekarun 1970. Saboda haka alaƙar ta gaske ce, ko da sunan na talla ne.

Yau kam labari ya canza. Kowace motar Formula 1 na ɗauke da na'urar da ke aika lokacinta zuwa kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Agogon da kake gani a hannun direba a kan dandamalin karɓar kofi, bayan ya fito daga mota ake miƙa masa.

Sabon_Shiga:
Don Allah lambobin nan da ke zagaye da bakin agogon, 60, 80, 120, har 400 ko 500, na mene ne? Ina ganinsu a Speedmaster da Daytona na Rolex.

Dan_Tsere:
Ma'aunin gudu ne, takimita ake ce masa. Ka danna maɓallin sama daidai lokacin da mota ta wuce alamar kilomita, ka sake dannawa idan ta kai ta gaba. Inda dogon hannun ya tsaya, lambar da ya nuna ita ce gudunta a awa. In ta cinye kilomitar cikin sakan 30, hannun zai tsaya a 120. In sakan 45 ne, 80. Lissafin shi ne 3600 a raba da yawan sakan, an dai riga an yi maka shi an zana a ƙarfe. Ba ruwansa da kilomita ko mil, duk awon da ka fara da shi da shi zai ba ka amsa.

Maman_Ilham:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma zan ce muku ba sai an je wata ba kafin irin wannan agogo ya yi aiki. Akwai waɗanda aka yi wa likitoci tun da daɗewa, maimakon ma'aunin gudu sai aka zana na bugun zuciya. Ka kama hannun majiyyaci, ka danna, ka ƙirga bugu 15 ko 30 gwargwadon abin da aka rubuta a fuskar, ka tsayar, hannun ya nuna maka bugu nawa ne a minti. Nawa ba na alfarma ba ne, mai batir ne, amma da shi nake ƙirga numfashin jarirai da ɗigon ƙarin ruwa. Ba wanda zai buga wannan a mujalla, amma a wurina ya fi tseren mota muhimmanci.

Baban_Walid:
Allah ya saka da alheri Hajiya. Wannan ita ce bajintar da ba a yi mata talla.

Zenith_Fan:
Tunda an ambaci Zenith a tambayar farko, bari in kare nawa. Ranar 14 ga Oktoba 2012 Felix Baumgartner ɗan ƙasar Ostiriya ya hau balan-balan daga Roswell a Amurka har kusan kilomita 39 sama, ya buɗe ƙofa ya diro. Gudunsa ya kai kilomita 1,357 a awa, ya zarce gudun sauti da jikinsa, ba jirgi ba inji. A hannunsa akwai El Primero Stratos na Zenith. Ya sauka agogon na tafiya.

Dan_Gaskiya77:
Ya duba shi yana faɗowa? Mutumin da ya yi ta wulwulawa a sama yana neman daidaita jikinsa? Gudun da ka kawo na'urorin da ke ƙirjinsa ne suka auna. Wannan shi ne ainihin fasinjan da Tarihi_Madubi ya faɗa.

Zenith_Fan:
Bai auna gudun ba, na yarda. Amma gwaji ne a bainar jama'a, miliyoyin mutane na kallo kai tsaye. Da ya tsaya ko gilashin ya fashe, kunyar kamfanin ce a gaban duniya. Kuma injin da ke ciki yana da nasa tarihin da ya fi tsallen burge ni. El Primero ya fito a 1969, yana bugawa sau 36,000 a awa, wato sau goma a sakan, shi ya sa yake iya auna kashi ɗaya cikin goma na sakan. Da agogon batir ya mamaye kasuwa, masu kamfanin na lokacin, Amurkawa, suka ba da umarni a daina injin da ba na batir ba, wanda ake yi wa wani, a zubar da kayan ƙera shi. Wani ma'aikaci, Charles Vermot, ya ƙi. Ya riƙa kwashe kayan aikin da zane-zanen a ɓoye yana kai su saman rufin masana'antar. Bayan shekaru da aka dawo neman injin, sai ga komai a ajiye. Daytona na Rolex kansa da wannan injin ya yi aiki daga 1988 zuwa 2000, bayan sun yi masa gyare-gyare sun rage bugun zuwa 28,800.

Usta_Mai_Gyara:
Ni da nake buɗe bayansu kullum bari in ce wani abu, don ina ganin ana ɗaukar kuronogiraf kamar shi ne mafi ƙarfin agoguna. Ba haka ba ne. Yana cikin mafi laushi, saboda sassansa sun haura 200, kuma kowane maɓalli ƙofa ce da ruwa da ƙura za su iya bi.

In ka cire murfin baya ka danna maɓallin sama, za ka ga wani ɗan ƙaramin wili mai haƙora a tsaye ya juya taki ɗaya. Juyawar nan ce ke sakin wani hannu ya kawo giyar da ke tafiya ta haɗu da ta dogon hannun sakan, kamar dai yadda kuloci ke haɗa inji da taya. Ka sake dannawa, ya raba su, birki ya kama. Na ƙasa kuma guduma yake saki ta bugi wani ƙarfe mai siffar zuciya, kuma duk inda hannun yake, siffar nan za ta tilasta masa komawa sifiri cikin ƙiftawar ido. Duk wannan a fili da bai kai tafin jariri ba. In mai ya bushe ko haƙori ɗaya ya lanƙwashe, za ka ga hannun na rawa ko ya ƙi komawa daidai kan 12.

An taɓa kawo mini wani mai tsada, mai shi ya shiga ruwa da shi ya danna maɓalli a ciki don ya auna iyonsa, saboda ya ga hoton irinsa a hannun mai nutso. Bai kawo da wuri ba. Da na buɗe, tsatsa ta riga ta kama ƙarafan. Na tausaya masa ƙwarai, don ba ganganci ya yi ba, hoton ya gaskata. Shi ya sa wasu, kamar Daytona, ake ɗaure maɓallansu da zare irin na noti, sai ka kwance kafin ka danna.

Sabon_Shiga:
Usta, an ce wai dalilin da ya sa NASA ta ɗauki mai wani da hannu shi ne mai wani da kansa ba ya aiki inda babu nauyi. Haka ne?

Usta_Mai_Gyara:
A'a ɗana. Lokacin gwajin babu kuronogiraf mai wani da kansa a duniya gaba ɗaya. Sai a 1969 suka fito, uku kusan lokaci guda: na Zenith, na haɗin gwiwar Heuer da Breitling da Hamilton-Buren, da na Seiko. Kuma ƙarfen da ke yi masa wani motsin hannu ne ke wulwula shi, ko da nauyi ko babu.

Injiniya_B:
Hujja ma akwai. William Pogue ya tafi tashar Skylab a 1973 da Seiko 6139 nasa mai ruwan ɗorawa, wanda ya saba da shi wurin atisaye, ya yi amfani da shi tsawon kwana 84 na tafiyar. Kuma don adalci ga Dan_Gaskiya77, Speedmaster ma ba ya fi ƙarfin matsala ba ne. A Apollo 15 murfin fuskar na Dave Scott ya fita, sai ya ɗaura Bulova nasa ya yi fita ta uku a kan wata da shi. An sayar da wannan Bulova a gwanjo a 2015 kan sama da dala miliyan 1.6.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Kun ga inda zancen ya dawo ko? Gwanjo. Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman an sayar da shi a New York a Oktoban 2017 kan dala miliyan 17.8. Shi dai ya yi tsere da gaske, har ya zo na biyu a tseren motoci na Le Mans a 1979, kuma matarsa ce ta ba shi agogon da rubutu a baya tana roƙonsa ya yi tuƙi a hankali. Amma wanda ya biya wannan kuɗi ba zai kai shi ko bakin filin tsere ba, akwatin ƙarfe zai shiga. A farkon fitowarsa Daytona kwantai yake yi a kantuna. Me ya canza a cikin ƙarfen? Babu. Labari ne ya yi tsada. Ni wannan almubazzaranci nake ganinsa.

Kuma akwai abin da ke damuna fiye da kuɗin. Haɗari ake sayar mana. Jo Siffert da ya fara tallata Heuer a Formula 1 a mota ya mutu a 1971. Direba Ayrton Senna, mai tallata TAG Heuer, a filin tseren Imola a 1994. Baumgartner ɗin ma ya rasu a Italiya a 2025 yana shawagi da lema mai inji. Su suka sa ransu, iyalansu suka yi kuka, mu kuma muna sayen agogo don mu ji kamar muna da rabo a jarumtarsu.

Dan_Tsere:
Hajiya, maganarki ta taɓa ni, amma ba agogo ne ya tura su ba. Da kamfani ko babu za su yi, haka Allah ya yi su. Sau da yawa ma kuɗin kamfanin ne ke sa a yi abin cikin tsari. Bertrand Piccard da Brian Jones sun zagaya duniya a balan-balan ba tare da sauka ba a Maris 1999, daga Suwizalan suka tashi suka sauka a hamadar Masar bayan kusan kwana 20. Breitling ne ya ɗauki nauyi, kuma sai a yunƙuri na uku aka yi nasara. Kamfanin da hoto kawai yake so da ya janye tun faɗuwar farko.

G_Shock_Kawai:
Duk wannan dogon zance, agogon batir mai araha ya fi su duka daidaito. Agogon da ake yi wa wani, in ya samu takardar shaidar COSC, hukumar gwajin daidaiton agogo ta Suwizalan, an yarda ya yi jinkirin sakan 4 ko saurin sakan 6 a rana. Na batir ba ya yin haka a mako. G-Shock tun 1983 ake jefo shi daga bene yana tashi. Omega ɗin ma da suka tashi yi wa 'yan sama jannati sabo a 1998, X-33, mai batir suka yi.

Injiniya_B:
X-33 na cikin kumbo ne. In za a fita waje, inda rana ke ƙuna inuwa ke daskarewa, Speedmaster da ake yi wa wani ne aka amince da shi, don batir da allon lambobi ba sa son irin wannan yanayi. Fuskarsa ma da gangan aka bar ta roba maimakon gilashi mai ƙarfi, saboda roba tsagewa take yi, ba ta tarwatsewa ta bar ɓarɓashi na yawo a iskar da mutane ke shaƙa.

Mai_Son_Agogo:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Yanzu dai ina ganin kashi biyu ne: wanda masu aikin suka zaɓa da kansu don suna bukata, kamar Speedmaster da Seikon Pogue, da wanda kamfani ya biya aka ɗaura. Sai dai har yanzu ina da ja a kan abu ɗaya. Wanda ake sayarwa yau ai ba shi ne ya je watan ba, jikansa ne.

Baban_Walid:
Jika ne, amma jinin na nan. Inji 321 ne ya taka wata a 1969, 861 ya gaje shi, na yanzu daga wannan zuriyar ya fito, kuma har gobe da hannu ake yi masa wani. Ni ban ga laifin mutum ya so abu don tarihinsa ba, muddin ya san tarihin ya saya ba jarumtar ba.

Hajiya_Mai_Lissafi:
Mutum nawa ne suka san bambancin? Tallar ba don masu sani ake yin ta ba.

Sabon_Shiga:
Usta, tambaya ɗaya ta rage. Laifi ne in bar dogon hannun yana ta tafiya kullum? Ina son ganin motsinsa.

Usta_Mai_Gyara:
Ya danganta da irin kulocin. In na gefe ne, wanda haƙori ke shiga haƙori, kamar na Speedmaster, barinsa kullum na cin haƙoran a hankali kuma yana rage wa injin ƙarfi, gara ka tsayar in ka gama awo. In na tsaye ne, wanda faifai ke hawa kan faifai, kamar na Seiko 6139 da Daytona na bayan 2000, ka bar shi ya yi ta tafiya, ba komai. Kowanne ne dai, kada ka danna na ƙasa alhali yana gudu, sai in an rubuta cewa mai komawa nan take ne irin na matuƙa jirgi. Faɗa mini sunan naka da lambar da ke bayan murfin in duba maka wanne ne.